Haruffan Malama Bilki

Cikin duk ranakun da na yi a kan bencin gyara, akwai wata Talata da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ranar da aka shigo mana da kwamfutar Malam Isyaku a cikin kwalin taliya. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan, musamman ku da kuka fara bana, wannan zan ba ku, domin a cikinsa na tafka kuskuren da ya fi kowanne koya mini aiki.

Sunana Bulus, mutumin Kagoro ne ni, amma a Kaduna na tashi. A lokacin ina shekara ta huɗu a wani shagon gyaran kwamfuta da ke unguwar Port Saeed a Dubai, bayan layin ofisoshin nan masu kallon ruwa. Matsayina babban tekinishan, wato duk aikin da ya gagari benci na farko ni ake turo wa, kuma ni nake sa hannu a katin aiki kafin a mayar wa mai kaya kayansa. A samana akwai manaja, Oga Faisal, ɗan Pakistan. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son ya ga kati ya kwana uku a buɗe.

Wadda ta kawo kwalin sunanta Dokta Safiya, 'yar Funtuwa, likita a wani asibiti can Hatta, wani gari a wajen Dubai. Ta ce daga gida aka turo mata shi ta hannun wani ɗan kago, mai aika wa 'yan kasuwa kaya, a kasuwar Murshid Bazaar, wanda ya yi ta dariya, don shi a saninsa kaya daga Dubai suke tafiya Kano, bai taɓa ganin wanda ya sa aka kawo masa tsohuwar kwamfuta daga Najeriya ba. Da na buɗe sai ga irin kwamfutar gidan nan ta da, wadda inji da kibod suke jiki ɗaya, da ƙaramin sikirin mai baƙi da fari, da akwatin faifai daban. Ta girmi wasu daga cikinku.

"An ce kana jin Hausa, shi ya sa na zo nan," in ji ta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai da ita nake mafarki."

Ta yi murmushi, sannan ta faɗa mini abin da ke tafe da ita. Mahaifinta, Malam Isyaku, tsohon malamin daji ne. Ya yi shekaru yana bin makiyaya da manoma da masu magani yana tattara sunayen itatuwa da ciyayi da amfanin kowanne. Mahaifiyarta, Malama Bilki, mai buga tafireta ce a ofis, ita ta zauna ta shigar da aikin duka cikin wannan kwamfuta. Tun da ta rasu shekara shida da suka wuce bai sake kunna ta ba. Yanzu yana wurin 'yarsa a Hatta ana duba idonsa. Saura kwana goma sha biyu a yi masa aiki, kuma likitocin ido ba su ba da tabbacin zai sake gani ba. Burinsa ya karanta littafin sau ɗaya, ya gyara abin gyarawa, kafin a shiga da shi.

Ga waɗanda ba su san irin waɗannan injuna ba, bari in yi ɗan bayani. Kwamfutar yau ta san ɓ da ɗ da ƙ tun daga masana'anta. Ta wancan zamani ba ta san su ba. Abin da take da shi gurabu ne ɗari biyu da 'yan kai, a kowane gurbi an ajiye hoton harafi ɗaya da aka zana da ɗigo-ɗigo, kamar an jera tsakuwa a gidan dara. Tarin hotunan nan shi muke kira font. Idan ka danna harafi, injin ya je gurbinsa, ya ɗauko hoton, ya manna a sikirin. Wanda yake son harafin da babu, sai ya nemi gurbin da ba ya bukata, ya goge hoton da ke ciki, ya zana nasa.

Sai kuma kwantirol fanel, wurin da ake saita agogo da sauti da saurin maus. Injin yana zuwa da saituna kaɗan, amma an bar wa mutum dama ya ƙara masa ƙananan manhajoji, waɗanda mu muke ce wa 'yan ƙari. Duk suna zaune a wata jaka ta musamman. Da an kunna injin sai ya tashe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nuna ɗan hotonsa a ƙasan sikirin, ya kuma sami shafinsa a kwantirol fanel. Font ɗin da mutum ya zana da kansa ba ya aiki sai da ɗan ƙarin da zai ɗora shi.

Na fara aiki a ranar. Batirin da ke riƙe saituna ya daɗe da mutuwa har ya tsiyaye, na goge wurin na sa sabo. Na canza kafasita uku da suka kumbura. Da na ba faifan wuta ya juya, amma yana wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ka'idar aiki a nan sananniya ce: a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya yadda yake, daga farko har ƙarshe, kafin a taɓa komai. Amma wannan yana cin lokaci, ni kuma ina tsoron faifan ya mace a tsakiya. Sai na haɗa shi da kwamfutata, na kwashe fayilolin a gurguje na zuba a katin ajiya na zamani. Kafin la'asar faifan ya tsaya cik, bai sake juyawa ba. Har yaba wa kaina na yi.

Washegari na haɗa katin da tsohuwar kwamfutar na kunna. Hoton wani ɗan yatsa ya fito a ƙasan sikirin, daga nan komai ya daskare. Na kashe na kunna har sau uku, haka dai. Na ce a raina ɗan ƙarin nan ya lalace. Akwai maɓallin da idan ka danne shi lokacin kunnawa injin zai tsallake 'yan ƙari duka, na danne shi, ta tashi lafiya lau.

Littafin ya buɗe, amma da font ɗin masana'anta. Duk inda ya kamata a ga ɗ sai a ga wata alama mai kama da baka, inda ƙ take sai wata alamar daban. Wannan bai ba ni wuya ba. Mai jin Hausa idan ya ga "orawa" da baka a gabanta ya san ɗorawa ake nufi. Na kwashe rubutun zuwa kwamfutata, na maye gurbin alamomin da haruffa masu lanƙwasa, manya da ƙanana. Sai dai a ƙarshen bayanin kowane itace akwai wasu alamomi barkatai, biyu ko uku, waɗanda ba su shiga cikin kowace kalma ba. Na ɗauka dattin faifai ne mai mutuwa, na share su duka. Na buga shafi ɗari biyu da wani abu da manyan haruffa, na sa hannu a katin aiki, na kira Dokta.

Ranar Asabar da hantsi ta zo tare da mahaifinta. Dogo ne, siriri, da farar hula da baƙin tabarau, yana riƙe da kafaɗarta. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardun. Ya cire tabarau, ya fito da gilashin ƙara girma, ya kusanto da shafi har yana taɓa hancinsa. Ya daɗe yana bin layi ɗaya. Ya buɗe wani shafin, ya sake buɗe wani.

"Ɗana, ina ƙahon?"

Na ce, "Wane ƙaho, Baba?"

"Ga samberu nan. Ya kamata a ga ƙaho da aka soke a gabansa. Ga gawo, shi ƙaho ne lafiyayye. Ba na ganin ko ɗaya."

Ya yi mini bayani a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Littafin don mutanen karkara aka yi shi, waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Saboda haka ba a rubuta amfanin itace da kalmomi ba, Malama Bilki ce ta zana masa alamomi. Ƙaho na nufin dabba tana ci. Ƙahon da aka soke, wato aka ja masa layi, na nufin yana kashe dabba. Ƙwarya abincin mutum ce, turmi magani, gatari katako. Alama goma sha huɗu ce gaba ɗaya.

"Idan wani ya ɗauki takardar nan," in ji shi, "ya ga samberu a jere da gawo babu bambanci, ya sassabo wa shanunsa fa? Wa ya kashe su?"

Na faɗa masa gaskiya, cewa na ga alamomin, ban gane su ba, na share. Na ce amma suna nan a cikin katin ajiya, a kwafina kawai na goge. Dokta ta tambaya ko ba za a iya cinkar ma'anarsu daga itatuwan da ya sani ba. Ya girgiza kai. Ya ce biyar ko shida zai iya, sauran kuwa Bilki ce ta rarrabe su daga baya, kamar ciyawar da ba ta cutarwa sai tana sabon toho, da wadda 'ya'yanta ne kawai guba. Ba zai sa sunansa a kan cinke ba. Sai ya ga zanen da idonsa.

Na shiga ofishin Oga Faisal na ce a sake buɗe katin aikin. Da Turanci muke magana, amma ba ya rabuwa da Larabcinsa na kasuwa.

"Khalas, Bulus, an gama. Rubutu aka ce a fitar, rubutu ya fito. Injin ya girmi shagon nan."

Na ce, "Oga, abin da na ba su zai iya kashe wa wani garke. Ni na sa hannu a kai."

Ya leƙa ta gilashi ya ga tsohon a zaune da takardu a cinya. Sannan ya ce, "Yalla, je ka. Kwana biyu. Amma sauran aikin bencinka ba zai tsaya ba."

Da na fito ban san ta inda zan fara ba. Malam Isyaku ya ce a matso masa da kujera kusa da injin, yana so ya ji tashinta. Na kunna ba tare da na danne maɓallin nan ba. Ya kara fuskarsa da sikirin.

"Me ya fito?"

"Ɗan yatsa ne, Baba. A nan take tsayawa."

"A'a, ba haka take tashi ba. Agogo ne yake fara fitowa, sai alƙalami, sannan yatsa. Shekara nawa ina zaune gefen Bilki ina jiran ta gama tashi. Yatsa bai taɓa riga alƙalami ba."

Nan take na gane abin da na yi. Irin wannan inji ba ya tashin 'yan ƙari bisa sunayensu, yana bin jerin yadda aka rubuta su a kan faifai ne, wanda aka fara sawa shi ne na farko. Da na kwashe fayilolin da kwamfutata, ita kuma sai ta jera su bisa a, ba, ca na sunayen fayilolin, waɗanda ba su da alaƙa da hotunan, sai na yatsa ya faɗo gaba. Alƙalami shi ne ɗan ƙarin da ke ɗora font. Yatsa shi ne mai koya wa kibod inda sababbin haruffa suke. Idan yatsa ya tashi bai tarar da font ba, sai ya tsaya jira, ba kuwa zai daina jira ba. Babu abin da ya lalace. Ni na hargitsa layin.

Na kwashe komai daga jakar, na mayar da su ɗaya-ɗaya da hannu: agogo, alƙalami, yatsa. Aikin bai kai minti goma ba. Na kunna. Hotunan uku suka fito a jere, injin ya wuce. Da na buɗe littafin sai rabin haruffan suka bayyana, rabi kuma fili fari. Wannan kam na san shi. Na shiga kwantirol fanel, shafin alƙalami, na tarar wurin da aka ware wa font a ƙwaƙwalwar injin ya koma mafi ƙanƙanta tun da batir ya mutu. Na ƙara shi, na sake kunnawa.

Sai ga shafin Malama Bilki yadda ta bar shi. Ga ɓ, ga ɗ, ga ƙ, kowacce da lanƙwasarta. A ƙarshen layi ga ɗan ƙaho, ga ƙwarya, ga turmi har da taɓaryarsa. Dokta ta rufe baki da hannu.

Amma tsohon bai gani ba. Haruffan ƙanana ne, gilashinsa kuma yana tara hasken sikirin ya dame masa su. Na ce bari in ƙara girma. A nan ne bambancin da da yanzu yake. Font na zamani ba hoto ba ne, kwatance ne na yadda za a ja layin harafi, shi ya sa kowane girma ka nema yake fitowa sumul. Na da kuwa kowane girma sai an zana shi daban. Idan ka nemi girman da ba a zana ba, injin ɗigo ɗaya yake mayarwa huɗu ko tara. Haruffan suka fito da gefe kamar matakalar bene, lanƙwasar ɗ ta zama dunƙule, ƙahon da aka soke da wanda ba a soke ba suka kusa zama ɗaya.

Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ajiye gilashin a kan benci.

"To, Allah bai nufa ba. Ka yi ƙoƙari, ɗana. Safiya ta riƙa kwatanta mini."

Muryarsa ce ta hana ni kashe injin. Na koma shafin alƙalami ina dube-dube, ban ma san abin da nake nema ba. A ƙasa na ga jerin font ɗin da yake ɗorawa, guda biyu ne, ɗaya na sikirin, ɗaya na firinta. Ɗigon firinta ya fi na sikirin ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka kafin harafi ya fito daidai a takarda sai an zana shi da ɗigo masu yawa, tsayinsa ya ninka na sikirin sau uku. Wato Malama Bilki ta zauna ta sake zana kowane harafi da kowace alama a babban gida, ɗigo bayan ɗigo. Idan na ce wa alƙalami ya nuna na firinta a kan sikirin, zai fito da girma ninki uku, kuma da hannunta, ba da ninkin inji ba.

Ƙwaƙwalwar ba ta isa ba, sai da na cire agogo daga layi na ba font wurinsa. Na kunna. Layi bakwai kacal sikirin ya ɗauka, amma kowane harafi ya kai girman ɗan yatsa, gefensa a gyare.

Malam Isyaku ya matso. Bai ɗauki gilashin ba. Ya sa yatsa a ƙarƙashin layi na farko.

"Ɓaure," ya karanta. "Ƙwarya, ƙaho, turmi." Na sauko masa da shafi. "Ɗorawa." Na sake saukowa. "Ƙirya." A nan ya tsaya. "Dubi kan ƙ ɗin nan yadda ya sunkuya gaba. Haka take yin ta ko da biro."

Dokta ta ce tana tuna lokacin tana firamare, mahaifiyarta takan zauna da littafin lissafi mai gida-gida tana cike gidajen da fensir, tana gogewa, tana sakewa, wata da watanni. Ita duk a zatonta zanen hula take fitarwa. Tsohon ya yi dariya har sai da ya share ido. Oga Faisal ya fito ya tsaya a bayanmu. Bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, amma ya daɗe yana kallon ɗan turmin nan, sannan ya aika aka kawo shayi.

A ranar suka tafi da kwamfutar Hatta. Kafin su tafi na ɗauki hoton katin gaba ɗaya har kwafi biyu, na kuma rubuta jerin 'yan ƙarin a takarda na manna a jikin injin. Kwana bakwai ya yi yana karantawa, Dokta tana rubuta gyaransa idan ta taso daga aiki. Ni kuma ta turo mini ma'anar alamomin goma sha huɗu, na riƙa bin zanen Malama Bilki a lokacin hutun rana ina mayar da shi font na zamani, don littafin ya buɗu a kowace kwamfuta. An yi masa aikin ido. Na dama bai dawo ba, na hagu kuwa ya samu sauƙi har yana karanta manyan haruffa a takarda. Daga baya Dokta ta gaya mini sun miƙa littafin ga wasu malaman gona a gida, suna buga shi kashi-kashi suna raba wa makiyaya.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan ba shi da yawa. Na farko kun riga kun ji shi a horo: ku ɗauki hoton faifai gaba ɗaya, ko da kuna tsoron zai mace a tsakiya, domin jerin abubuwa ma bayani ne, kuma ba ya biyo fayil idan an kwashe shi. Na biyu shi ne wanda ba a koyarwa. Abin da ka gani a injin wani ba ka gane shi ba, kada ka yi saurin kiransa datti. Waɗannan tsofaffin injuna ba su zo da komai na harshenmu ba, duk abin da ka tarar a ciki wani ne ya zauna ya sa shi da hannunsa, kuma yana da dalili. Ni da takardun shaidata na yi kwana huɗu ina kallon ɗan yatsan nan ban gane komai ba, mutumin da bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, kuma da ƙyar yake gani, shi ya faɗa mini inda matsalar take. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini tsohon inji, ba na karɓa in ce ya dawo jibi. Kujera nake jawo masa, in ce ya zauna ya ba ni labarin yadda take tashi lokacin da take lafiya, kuma ba na ɗaukar sukuddireba sai ya gama.